Jefa sufana cikin inji: ma'ana da asalin karin maganar Ingilishi ta ɓata shiri

 A filinmu na sanin harsuna na wannan mako mun ɗauko tambayar wani ɗan'uwa, mutumin karkarar Tasawa, wanda ke aiki a wata masana'antar yankan katako can Kumasi, ƙasar Ghana. Saƙon murya ya aiko mana ta WhatsApp, kuma daga jin muryarsa ka san hankalinsa a tashe yake.

Ga abin da ya faru. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku bai je aiki ba, daidai lokacin da ake gaggawar haɗa wasu kaya da aka yi alkawarin kaiwa. Ran da ya koma, shugaban aikinsu ya tare shi da Ingilishi, cikin maganar ya ji an ce rashin zuwansa ya zama *a spanner in the works*. Bawan Allah Ingilishinsa na kasuwa ne, amma kalmar *spanner* ya san ta, tunda kullum tana hannunsa: sufana ce, wasu su ce sifana, wadda bakaniken nan gida ke kira kile ko lakile. Sai ya ɗauka tuhumarsa ake da yar da sufana cikin injin zarto. Ya rantse, ya sake rantsewa, shugaban yana dariya, dariyar kuma ta ƙara ruɗa shi. Ya kwana yana lissafin kuɗin gyaran da za a cire cikin albashinsa, har ya fara tunanin ɗaure kayansa ya dawo gida.

To ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba wanda ya ce ka taɓa inji. Karin magana ce shugaban naka ya yi. Amma da yake ba kai kaɗai ke jin ta ba, ƴan'uwanmu na Legas da Akara da Landan duk suna cin karo da ita, mun ga ya dace mu baje ta kowa ya gani.

Yadda maganar take da abin da take nufi

Cikakkiyar maganar ita ce *to throw a spanner in the works*. In za mu rubuta ta yadda kunne ke ji, sai mu ce "tu turo e sifana in da waks". Kalmar *throw* jefawa ce. *Spanner* mun riga mun faɗa. *The works* kuwa kayan cikin inji ke nan, ƙarafunan nan masu haƙora da ke juyawa suna tura juna, irin waɗanda kake gani in ka buɗe bayan tsohon agogo. Wasu sukan sa *put*, wato sakawa, a gurbin *throw*, ma'anar dai ɗaya ce.

Abin da Bature ke nufi in ya faɗe ta shi ne, wani mutum ko wani al'amari ya shigo ya tsayar da shirin da ke tafiya daidai, ko ya jawo masa jinkiri da wahalar da ba a yi zato ba. Ku lura da abu biyu. Na farko, sai akwai shiri a ƙasa wanda ya riga ya kama hanya. Mutumin da bai shirya komai ba, babu injin da za a jefa masa sufana. Na biyu, galibi maganar tsaiko take nufi. Shirin bai mutu ba, ya dai cije, sai an tsaya an buɗe an ciro abin da ya maƙale kafin a ci gaba.

Hoton da ke cikin maganar

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen injin niƙa na garinsu ya san wannan hoton. Da la'asar mata da yara sun jera robobi da ƙore, gero da dawa da masara, inji na ruri, bel na juyawa, mai inji ya yi fari fat da gari. Me ya sa yake sa hannu yana laluben hatsin kafin ya zuba? Ƙusa yake tsoro, ko guntun ƙarfe, ko dutse. Abin da bai kai ɗan yatsa ba, in ya shiga tsakanin farantan niƙa, ƙara ɗaya za ka ji, inji ya tsaya cik. Daga nan sai kwancewa, in faranti ya fashe sai an aika birni an sayo. Ranar nan rabin unguwa tuwonsu sai bayan isha'i.

Haka lissafin yake: ƙarfen da bai fi jika biyu ba ya tsayar da injin dubban ɗaruruwa, ya tsayar da duk wanda ke jiran injin. Amma akwai wani abu a cikin zaɓen sufana da ya sa maganar ta zauna a bakin mutane. Sufana kayan gyara ce. Ita ake ɗauka a ɗaure notin da ya saki, kullum tana kusa da inji, cikin aljihun wanda ke kula da shi. Saboda haka wanda sufana za ta kuɓuce wa, ko wanda zai jefa ta, yawanci na ciki ne, wanda ke tsaye bakin aikin. Kuma in ka ji ƙarar ta faɗa, daga nesa ba ka iya sanin jefa ta aka yi ko suɓucewa ta yi. Wannan shi ne abin da ya ruɗa ɗan'uwanmu na Kumasi, kuma shi ne za mu fi tsayawa a kai can gaba.

Inda kalmar sufana ta samo asali

Ingilishi ma aro ta ya yi. Daga Jamusanci ta fito, daga kalmar *spannen*, wadda ke nufin ja ko ɗaurewa tamau. Ta shiga Ingilishi cikin ƙarni na 17, kuma a lokacin ba ruwanta da noti. Sunan wani ɗan mabuɗi ne da sojoji da mahalba ke murɗa sifirin ɗin bindiga da shi. Bindigogin wancan zamani akwai masu ɗan faifan ƙarfe a gefe, sai an wana shi kamar yadda ake wana agogo, in aka ja kunama ya juya da ƙarfi ya ba da tartsatsin da zai kama albarushi. Da zamanin injuna ya zo, aka shiga haɗa ƙarafuna da noti, sai sunan ya koma kan abin murɗa notin.

Mu kuma Hausawa daga bakin Turawan Ingila muka karɓe ta, ta hanyar gareji da tashar mota. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa muka sa wasali tsakani muka ce sufana, kamar yadda muka yi wa sukurudireba da sitiyari. Harafin ƙarshe kuwa su kansu Turawan Ingila ba sa furta shi, don haka bai iso gare mu ba. A ɓangarenmu na Nijar, inda Faransanci ya fi shiga gareji, *clé* ce ta zama kile. Ku je garejin Maraɗi ko na Birnin Ƙonni, za ku ji duka biyun a bakin yaran gareji.

Daga gonakin alkama na Amurka ta faro

Ko da yake yau ana ganin maganar ta Turawan Ingila ce, a jaridun Amurka aka fara ganin ta. Su Amurkawa ba sa cewa *spanner*, *wrench* suke cewa, tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin murɗewa. Cikin ire-iren nasu akwai wata babba mai nauyi, mai bakin da ake buɗewa da rufewa don ta kama noti ƙarami ko babba, suna kiranta *monkey wrench*, wato in aka bi kalma, sufanar biri. Wani maƙeri mai suna Loring Coes, a garin Worcester na jihar Massachusetts, ya yi rajistar wani samfurinta a 1841, ta bazu har ta zama ba gona ko masana'antar da ba ta. Abin dariya, Faransawa irin wannan sufanar *clé anglaise* suke ce mata, kilen Ingilishi.

A ƙarshen ƙarni na 19, manoman alkama na Amurka da manyan injuna suke sussuka, masu aiki da tururi, ana jan su daga wannan gona zuwa waccan. Ranar sussuka maƙwabta kan taru kamar gayya. A cikin injin akwai ganga mai haƙoran ƙarfe da ke juyawa da gudun tsiya, mutum ɗaya na tsaye yana tura mata dammunan alkama. In ƙarfe ya bi cikin dami, haƙora sun karye, wani lokaci har a ji wa mutum ciwo, gayya ta watse, alkama na zube a fili ana tsoron ruwa.

Kowane Ba'amurke na lokacin ya san wannan masifar, shi ya sa tun cikin shekarun 1890 jaridunsu suka fara kwatanta ɗan siyasa mai hana ruwa gudu a majalisa da mutumin da ya jefa sufanar biri cikin injin sussuka. Da mutane suka yi ta barin gona suna komawa birni, sai injin sussukar ya faɗi daga maganar, aka koma cewa cikin inji kawai, ko cikin *the works*.

Da maganar ta ƙetara teku zuwa Ingila, sai suka cire kalmar Amurkawa suka sa tasu. Misalin da masu ƙamus suka fi kawowa yana cikin littafin barkwanci na P. G. Wodehouse mai suna *Right Ho, Jeeves*, na 1934, labarin wani saurayi ɗan masu kuɗi da baransa mai wayo. Zuwa 1965 ta zama ruwan dare, har John Lennon na ƙungiyar mawaƙan Beatles ya yi wasa da ita a sunan littafinsa, *A Spaniard in the Works*, domin kalmar da ke nufin mutumin Sifen ta yi kama da sufana a kunne. Ba a wasa da karin magana sai kowa ya san ta.

A Amurka kuwa ta ƙara wani nauyi. A 1975 marubuci Edward Abbey ya fitar da littafin *The Monkey Wrench Gang*, labarin mutum huɗu da ke bi cikin dare suna lalata katafilolin masu gine-gine a hamadar kudu maso yammacin ƙasar, wai don kare muhalli. Daga nan aka sami kalmar *monkeywrenching*, ita kam lalata kayan aiki na gaske take nufi, da gangan, laifin da ke kai mutum gidan kaso. Ƴan'uwanmu na New York da Greensboro, ku riƙe wannan bambancin.

A taƙaice, Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu da Najeriya da Ghana, *spanner* za ku fi ji. Amurka da Kanada, *wrench* ko *monkey wrench*.

Labaran da ake yaɗawa waɗanda ba su da tushe

Akwai labarai huɗu da ke yawo game da wannan magana. Sun yi daɗin ji, amma ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Na farko, wai wani mai suna Charles Moncky ne ya ƙirƙiro sufanar, sunansa ya rikiɗe ya zama *monkey*. Masu binciken tarihin kayan aiki sun nuna sunan ya riga lokacin da ake cewa mutumin ya yi ƙirƙirar.

Na biyu ya fi yawo a Facebook. Wai Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi a 1908, shi ya ƙirƙiro ta, fararen fata suka sa mata sunan biri don su ci masa mutunci. Gaskiya ne Johnson ya sha wariya iri-iri, kuma gaskiya ne ya yi rajistar wata sufana tasa a 1922. Amma an haife shi a 1878, sunan *monkey wrench* kuwa yana bakin mutane shekaru da dama kafin a haife shi. Wariyar da aka yi masa ta isa abin faɗa, ba sai an ƙara mata da ƙarya ba.

Na uku, wai daga masaƙan Ingila da ake kira Luddites maganar ta fito. Waɗannan mutane ne da suka tashi a yankin Nottingham a 1811 suna farfasa injunan saƙa, domin suna ganin ana karya musu sana'a da farashi. A 1812 majalisa ta yi dokar kisa kan fasa inji, a Janairun 1813 aka rataye wasunsu a York. To amma su da manyan guduma suke aikinsu, kuma tsakaninsu da fitowar karin maganar akwai wajen shekara 80.

Na huɗu ya shafe mu masu jin Faransanci. Kun san kalmar sabotaj. Ana cewa wai ma'aikatan Faransa ke cire takalmansu na katako, *sabot*, suna jefawa cikin inji. Masana harshe sun ce kalmar daga *saboter* take, wato yin aiki a gurguje, aikin ganin ido, kamar mai tafiya ƙwaram-ƙwaram da takalmin katako. Ɗan ƙungiyar ƙwadago Émile Pouget ne ya ɗaga ta a babban taron ƙungiyar CGT na Toulouse a 1897, a matsayin makamin ma'aikaci: in an rage maka lada, ka rage aiki.

Da gangan ko ba da gangan ba

Nan ne gizo ke saƙar. Maganar Ingilishin tana ɗaukar duka biyun, abin da zai nuna maka shi ne wa aka ce ya jefa sufanar.

In abu ne ya jefa ta, ruwan sama ko ciwo ko mutuwar mota, babu zargi a ciki ko kaɗan. Ku tuna ran 23 ga Maris 2021, lokacin da jirgin ruwan dakon kaya Ever Given, mai tsawon mita 400, ya gicciye a mashigin Suez na Masar. Sai ran 29 aka ciro shi, ɗaruruwan jirage na jere suna jira, kayan ƴan kasuwar duniya sun maƙale. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, kwana shida. Ga sufana cikin inji ke nan, ba kuma wanda ya yi niyya. Haka cutar korona ta yi wa maniyyata a 2020 da 2021, lokacin da Saudiyya ta taƙaita aikin Hajji ga mazauna ƙasar. Mutum ya sayar da shanu ya biya kujera, sai ga abin da ba hannun kowa a ciki.

In hukuma ce ko kotu ko wani mataki, maganar tana bayyana sakamako ne. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020, ɗan kasuwar Maraɗi da ya loda wake ko dabbobi zai iya cewa rufewar ta jefa masa sufana cikin inji. Bai ce don shi aka yi ba, ya dai faɗi abin da ya same shi.

In kuwa mutum aka kira da suna, aka ce wane ya jefa sufana, to a saurara da kyau. In an haɗa da kalmomi irin su *deliberately* ko *trying to*, wato da gangan ko yana ƙoƙarin, zargi ne. In kuma mutum ne da kansa ya buɗe baki da cewa ba ya son ya jefa sufana cikin inji amma akwai matsala kaza, wannan ladabi ne, kamar mu ce "ba don in katse muku hanzari ba".

Ɗan'uwanmu na Kumasi, ka ce rashin zuwanka aka ce ya zama sufana. Ke nan zazzaɓin ne ya jefa ta. Shugabanka ƙorafi ya yi cewa aiki ya tsaya da ba ka nan, in ma ka duba, ya nuna maka kana da muhimmanci a wurin.

Yaya za mu faɗe ta da Hausa da Faransanci

Mu da ke fassara labarai kullum muna taka-tsantsan da irin wannan. In muka ce "ɗan majalisa wane ya jefa sufana cikin inji", gobe a kasuwar ƙauye za a ce ya lalata injin gwamnati. Hausa ta raba abin da Ingilishi ya haɗa, don haka sai mai fassara ya zaɓa:

- In babu niyya: ya kawo cikas, ya dagula lissafi, ya kawo tsaiko, ko mu ce ana wata ga wata.
- In mutum ne ke tsaye ya ƙi bari a wuce, kowa na ganinsa: ya hana ruwa gudu.
- In da gangan ne, don a ɓata: ya yi wa shirin ƙafar ungulu. Kun san ƙafar ungulu ɓata miya.
- In a ɓoye ne, yana dariya da ku yana haƙa ta ƙasa: zagon ƙasa.

Ku ga nisan da ke tsakanin cikas da zagon ƙasa. Na farko jaje ake yi wa mutum, na biyu har gaban sarki ana zuwa. Fassara ɗaya da ba ta dace ba tana iya haɗa mutum biyu faɗa.

A Faransanci abin da ya fi kusa shi ne *mettre des bâtons dans les roues*, sa sanduna cikin ƙafafun amalanke. Sai dai wannan kusan kullum mutum ne ke yi wa mutum, da niyya. In abu ne ya faɗo ba zato, Bafaranshe ya fi cewa *un grain de sable*, ƙwayar rairayi cikin inji. Ɗaliban lise masu karatun Ingilishi, nan ake faɗuwa a jarrabawa. A Burokan na Najeriya kuwa cewa ake an zuba wa mutum yashi a gari, garin rogo da ya jiƙa zai sha. Ita ma ta fi karkata ga mugunta.

Tarkunan da za a kiyaye

*In the works* ita kaɗai, ba tare da sufana ba, albishir ne. In ofishin ƴan ci-rani ya ce maka takardarka tana *in the works*, ana kan aikinta ke nan, tana tafe. Kada ka ji *works* gabanka ya faɗi.

*Throw in the towel* wata magana ce dabam, duk da ita ma da jefawa ta fara. Daga dambe ta fito, inda mai horarwa ke jefa tawul cikin fili don a tsayar da wasa. Ma'anarta miƙa wuya, an sallama.

A bakin samarin Ingila, in aka kalli mutum aka ce masa *spanner*, wawa ake nufi. Zagi ne mara nauyi, irin na abokai, amma kada ka gwada shi kan ubangidanka.

Sannan karin maganar ta hira ce da jarida da taron ofis. Ba a sa ta cikin takardar kotu ko wasiƙar neman aiki.

Ƴan'uwanta a Ingilishi

Akwai wasu uku da za ku iya ji. *Upset the apple cart*, kifar da amalanken tuffa, tana nan tun ƙarshen ƙarni na 18. Ku ɗauka mai tallan mangwaro ne aka ture wa baro tsakiyar kasuwa. Ana faɗarta in an rikita tsarin da kowa ya saba da shi. *Put a spoke in someone's wheel*, soka sanda cikin ƙafar amalanken wani, ita ce ƴar'uwar ta Faransanci, kuma ta girmi zamanin injuna. *Rain on someone's parade*, yi wa faretin wani ruwa, wadda wasan kwaikwayon waƙa na *Funny Girl* ya yaɗa a 1964, ta shafi ɓata wa mutum murna ne, kamar ango na cikin shagali ka zo kana masa zancen bashin sadaki.

To ɗan'uwa, shawararmu ita ce gobe ka je aikinka da wuri, ka gaida shugabanka, ka ce masa jiki ya yi sauƙi. In ka sake jin maganar da ta shige maka duhu, tambaya a take ta fi kwana da zullumi, ai matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya tsare mana ku a inda kuke.

Sauran jama'a, duk mai wata kalma ko karin magana ta Ingilishi, Faransanci ko Larabci da ta taɓa ruɗa shi a wurin aiki, asibiti ko bakin iyaka, ya aiko mana ta hanyar da kuka saba. Muna gaida masu injin niƙa na karkara baki ɗaya, da yaran gareji, da ƴan'uwanmu na zangon Kumasi.